Inda Baba Ya Jiƙa Gorarsa

Ni mace ce mai baki. Ban ce mai ƙarya ba, ban ce mai gulma ba, amma idan ina son abu na san maganar da zan faɗa mutum ya kasa ce mini a'a. Tun ina yarinya mahaifina yake cewa da harshe abin sayarwa ne, da nawa ya gina masa bene a unguwarmu ta Zango. A lokacin yabo na ɗauke shi. Sai da na haura hamsin, a shekarar korona, na ga abin da harshen nan ya yi wa wani dattijo da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Baba mai gora muke ce masa, mu da duk 'yan layinmu. Mutumin wani ƙauye ne can kudu, gaba da Banfora, inda ruwa ya wadata kuma gora ke fitowa a bakin rafi. Ba Bahaushe ba ne. Hausarsa a zaurenmu ya koye ta, a bakin mahaifina, shi ya sa har ya tsufa yana magana irin ta tsofaffin fataken goro. Sau biyu a shekara yake zuwa Waga da kaya a saman mota: kujeru, gadaje, 'yan tebura, da kantar jera kwanuka. Mahaifina ne mai masaukinsa tun kafin a yi mini aure. Da mahaifina ya rasu, yayyena maza duk sun watse, wani Abijan wani Yamai, ni kuma mijina ya rasu na dawo gida. Sai na gaji zauren, na gaji baƙon.

A ƙofar gida nake jera kayansa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Masu makki, wato wuraren ci da sha, na unguwannin Bilbalogo da Widi su ne manyan masu saye, don wurin shaƙatawa ba ya yi sai da kujera mai jingina. Sai kuma matan Waga 2000, unguwar masu kuɗi, da ke zuwa cikin manyan motoci suna neman abin ajiyewa a lambu, su sauko da tabarau a goshi su yi ta ciniki kamar waɗanda suka kwana da yunwa. Duk wanda ya sayi kujerar Baba sai ya dawo, kuma dalilin ɗaya ne. Kujerar gora ta kasuwa, wata uku ka ga gari yana zuba a ƙarƙashinta, ƙwaro ya shiga yana ci, ran nan kana zaune sai ka ji ka a ƙasa. Ta Baba ba ta zubar da gari. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, da turakun gora yake haɗa ta, kuma sai mutum ya gaji da ganinta ya bayar.

Na taɓa tambayarsa ko magani yake shafawa. Ya yi dariya ya ce maganin ruwa ne. Gora tana da zaƙi a cikinta, zaƙin nan ƙwaro ke bi. Don haka ana sare ta lokacin sanyi, idan wata ya yi duhu, a ɗaure ta dami-dami, a nutsar da ita a wani gurbi mai zurfi cikin rafi, a danne da duwatsu. Wata biyu tana ciki har zaƙin ya fita. Idan an tsamo ta wari take yi kamar rijiyar da aka daina ja, amma ƙwaro ya yi sallama da ita ke nan. Sharaɗi guda ne, dole a tsamo ta kafin babban ruwan farko. In rafi ya kawo, duwatsu ba sa riƙe ta, aikin shekara ya bi ruwa.

A wannan hirar ce ya gaya mini al'adarsu, ni kuwa na ji ta da kunne ɗaya. Ya ce kowane mai aikin gora a ƙauyensu yana da gurbinsa, kuma ba ya faɗa wa kowa inda yake. Na ce, "Haba Baba, a ƙauye har ana ɓoye abu? Mutum ya ɗauki dami ɗari ya bi hanya a ce ba wanda ya gan shi?"

Ya ce, "Ko sun sani, ba su sani ba, ɗiyata. Wanda ya sa hannu ga gurbin wani ba da bakin mai shi ba, ɓarawo ne, ko da taimako ya yi niyya. In kuwa mai gurbi ya buɗe baki ya faɗi wurin, to ya bada ke nan. Gurbi ya zama na wanda aka faɗa wa, da gorar ciki, da wuƙa. Shi kuma ya zauna. Ba shi ƙara taɓa gora har ya mutu."

Na ce, "To kai yaushe za ka zauna?"

Ya miƙo hannayensa biyu ya juya su a gabana, ya ce, "Dubi. Waɗannan sun yi kama da masu son zama?" Hannaye ne baƙaƙe, duk tabon yanka, amma ko kaɗan ba sa rawa. A lokacin ya kusa saba'in. Yana da ɗa namiji guda da ya koyi aikin sama-sama, amma hankalinsa ya fi karkata ga babur da wuraren haƙar zinariya. Baba yakan ce yaron bai nuna ba tukuna, a ba shi shekara biyar.

A shekarar korona ya iso cikin zafi, lokacin da aka fara jin labarin ciwon a rediyo. An rufe lakkwal, wato makarantun boko, mutane sun fara ɗaura kashine a hanci, amma motoci suna tafiya. Tun a ƙofa, kafin ya sha ruwa, ya ce mini kwana uku zai yi. Gorarsa ta shekara tana cikin ruwa, saura kwana goma ya tsamo ta. Muka sauke kaya, muka jera, ya huta. Ran na uku da safe ya naɗe tabarmarsa, ya rataya jaka.

Akwai wata doguwar kujera a tsakar gidanmu, irin wadda ake kishingiɗa a kai. Baba ne ya yi wa mahaifina ita shekaru da yawa da suka wuce, a kanta mahaifina ya yi jinyarsa ta ƙarshe. A kwanakin nan sanduna biyu na bayanta sun tsage, ba don ƙwaro ba, don tsufa da nauyina. Na nuna masa na ce ya gyara kafin ya tafi. Ya duba, ya ce aikin kwana biyu ne, sai an warware bayan gaba ɗaya, in bari sai ya dawo bayan damina. Na ce yau nake so. Ya ce, "Ɗiyata, gora na jirana." Nan harshen nawa ya motsa. Na ce, "Ba komai Baba, sauka lafiya. Na dai san da mai kujerar na da rai, ba za ka ce masa sai bayan damina ba."

Ya tsaya ya dubi kujerar, sannan ya sauke jakar daga kafaɗa ya ciro wuƙarsa. Ni kuwa na shiga madafa ina jin daɗi, har na aika aka sayo nama don in yi masa miya mai kyau.

Kwana biyun nan su suka cinye shi. Yana cikin aikin aka yi sanarwa cewa za a tsayar da motocin fasinja tsakanin garuruwa. Kafin mu ankara tasha ta cika ta batse, kowa yana son ya koma garinsu. Muka je tare da sassafe, muka yini cikin rana, tsoho ba ya iya turereniya da samari. Muka dawo da jakarsa. Washegari babu mota ko ɗaya. Bayan 'yan kwanaki aka ce Waga ta shiga karantin, ba shiga ba fita. Kujerar mahaifina ta gyaru tsaf, kamar sabuwa, ni kuwa na kasa zama a kanta.

Da farko mun ɗauka abin na mako biyu ne. Baba ya ce gora tana iya ƙara kwana goma ko ashirin a ruwa, za ta ɗan yi baƙi amma ba ta lalacewa. Abin tsoro ruwan sama ne, kuma a can kudu damina tana riga ta Waga sauka. Haka muka shiga zaman jira. An rufe manyan kasuwanni, an rufe makki, an rufe masallatai. Kayan da ya kawo suna nan jere a ƙofa, ba mai tayawa. Wa zai sayi kujerar baƙi alhali an hana karɓar baƙi? Kullum da safe sai ya ɗauki tsumma ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kowace ya ji ko ta saki, ya mayar da ita wurinta. Daga nan ya zauna a bakin zaure ya fuskanci kudu maso yamma.

Zafin Waga a wannan lokacin kowa ya san shi. Mutum yana zaune a inuwa gumi na bin bayansa, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Duk wanda ka gaisa da shi sai ya ce Allah ya kawo ruwa mu huta. Ina jin a duk faɗin garin nan Baba kaɗai ne ba ya cewa amin. In an faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai yana murza carbi, don ba zai iya roƙon Allah ya hana bayinsa ruwa ba, kuma ba zai iya roƙon ya sauko ba.

Ban zauna haka ba. Zango unguwar direbobi ce, kuma an bar motocin kaya suna wucewa. Maƙwabcinmu wani mutumin Nijar ne mai jan babbar mota zuwa Bobo, na girme shi, Yaya yake ce mini. Na je na same shi yana wanke gilashi. Ya ce, "Yaya, wallahi ba ƙi na yi ba. Ga kowace bariyar da jandarma suka tare hanya ana ƙirga mutanen da ke gaba, direba da aparanti, shi ke nan. In sun ga na uku, motar ce za su tsare." Na ce to ya bar aparantin nasa, wato karen motarsa, a gida ya ɗauki Baba a madadinsa. Ya dube ni ya ce, "Wanga tsoho? Da farin gemu?" Na ce gemu ai aske shi ake yi.

Baba bai yarda an taɓa gemunsa ba, amma ya yarda ya ɗaura kashine babba da ya rufe shi har wuya, aka ba shi wata riga mai baƙin mai. Na tsaya a ƙofa ina kallon dattijon da mahaifina ke shimfiɗa wa buzu yana fama da hawa mota cikin rigar karen mota, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ba su yi nisa ba. A shingen farko na bakin gari, jandarma ya ce aparanti ya sauko ya sa wa taya waigi. Baba ya sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Direban ya ba ni labari daga baya cewa jandarman bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, ya ce, "Papa, ku koma gida, ciwon nan ku tsofaffi yake nema." Aka tsayar da mai babur ya dawo da shi. Ya shigo ya tuɓe rigar, ya ninke ta da kyau, ya ce in mayar wa mai ita da godiya.

Bayan wannan ne aka yi ɗan ruwan da muke kira ruwan mangwaro. Da la'asar hadari ya taso, iska ta kaɗa, aka yi yayyafi na ɗan lokaci. Unguwa ta ɗauki sowa, mata suna fito da bokitai, ƙasa ta yi ƙamshi. Na leƙa zaure na ga Baba tsaye a ƙofa, ruwa yana jiƙa masa gaban riga bai matsa ba. Ya ce in ba shi portabul. Ya kira matarsa, suka yi magana da harshensu. Da ya gama ya ce can ma an yi, amma kaɗan ne, rafi bai motsa ba. Ranar bai ci tuwon dare ba.

Daga ranar na fara yi masa magana a kan ya kira ɗansa ya faɗa masa wurin. Na fara da lallashi. Na ce lalura ce, ko a addini lalura tana halatta abin da aka hana. Na ce ya faɗa, in ya koma ya karɓi abinsa, ai ɗansa ne, ba bare ba. Ya ce ba a yin haka. Na ce to su yi shiru su biyu, wa zai sani? Ya ce dami ɗari da ashirin ba ya fitowa daga ruwa a ɓoye, ranar da aka ga ɗansa a gurbin, gari duka ya san ya zauna. Na ce wannan al'ada ce kawai, mutane suka ƙirƙiro ta. Ya ce, "Ɗiyata, ke ma zauren nan al'ada ce ta sa kika buɗe mini shi."

Azumi ya kama muna cikin wannan hali. Ba tarawih a masallaci, ba taron buɗa-baki, kowa yana gidansa. Nakan dama masa zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, in kai masa zaure, ya sha kaɗan ya ajiye. Ya rame. Kullum bayan azahar sai ya kira gida, tambayarsa guda ce, kuma har na gane kalmar ruwa a harshensu don yawan jin ta. Matarsa ta ce an yi ruwa a ƙauyukan da ke gaba da su. Ta ce sauran masu gora duk sun tsamo tasu tuni, tana shanye a rana. Ta ce hatsin rumbu ya yi ƙasa, kuma kowa ya san abin da gidan zai ci daga damina zuwa kaka yana cikin gurbin nan. Gaba kura, baya siyaki. In ya yi shiru rafi ya kawo, gidansa ya shiga yunwa. In ya yi magana, ya kashe sana'arsa da bakinsa.

Yanzu da nake rubuta wannan, dole in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba yunwar gidansa kaɗai ke damuna ba. Ina tsoron ranar da za a kira a ce ruwa ya tafi da gora, don na san ranar kowa zai tuna wa ya tsare shi. In ya faɗa wa ɗansa aka tsamo ta, to ba a yi asara ba, wuyana ya fita. Zaman da zai yi bayan nan ba abu ne da ake gani a ƙirga ba. Na san abin da faɗar take nufi a gare shi, ya gaya mini da bakinsa, ya nuna mini hannayensa. Na sani sarai, na ci gaba da turawa.

Ran bakwai ga azumi da hantsi, matarsa ta kira da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce tun asuba gabas ta yi baƙi, tsofaffi suna cewa ba za a kwana uku ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Da na yi shiru a wannan lokacin, ban san abin da zai yanke ba, wataƙila abin da ya yi ɗin zai yi. Amma ban yi shiru ba. Na ce, "Baba, jikokinka ba za su ci sunanka ba. In yunwa ta kama su, ka ce musu kai har yanzu mai gora ne?"

Ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kin yi gaskiya." Ya tashi ya yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne. Ya sa hularsa. Ya zauna ya miƙe baya kamar mai karɓar baƙi, ya ce in nemo masa lambar ɗansa.

Ban ji abin da ya faɗa ba, don ba na jin harshen. Amma na ga hannunsa na dama yana tafiya a iska. Ya miƙe, ya karkata hagu, ya zagaye wani abu kamar kututture, ya gangara ƙasa, ya tsaya. Ya nuna duwatsu da yatsu, ɗaya, biyu, har biyar. Sai muryarsa ta canza, ya faɗi wasu kalmomi a hankali, ya maimaita su sau uku, na gane ba kwatance ba ne kuma. Duka maganar ba ta kai minti biyar ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "An gama." Ya buɗe jakarsa ya ciro wuƙar, ya naɗe ta cikin ƙyalle, ya ɗaure da zare, ya mayar can ƙasan jaka. Washegari da safe bai goge kujerun ba. Na ɗauka mantawa ya yi, na kawo masa tsumma. Ya ce in ba wani, shi ba ya taɓawa.

Ɗan ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Cikin kwana biyu shi da abokansa suka tsamo gorar duka, ko dami ɗaya bai ɓata ba. Hadarin da ake tsoro kuwa iska ta watsa shi. Kwana biyar bayan wayar nan aka yi sanarwa an ɗage karantin, motoci za su fara tafiya. Rafin ƙauyensu bai kawo ba sai da aka yi kusan mako uku.

Na ji sanarwar a rediyo. Na fita zaure na same shi shi ma ya ji. Na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na tsare ka, ni na tura ka." Na ce ya je ya tara dattawan garinsu ya gaya musu ciwo ne ya jawo, wata mace ce a Waga ta matsa masa, a ɗora laifin a kaina. Ya ce, "Tashi, ɗiyar maigidana, kina azumi. Ba ki san gobe ba, ni ma ban sani ba. Da ruwan ya zo, da yanzu godiya nike miki." Na ce amma bai zo ba. Ya ce, "Bai zo ba."

Na raka shi tasha. Ana wanke hannu a bakin ƙofa, ana barin kujera ɗaya tsakanin fasinja. Ya samu wuri a gefen taga. Da mota ta tashi ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, na dawo gida a ƙasa don ba na son mai babur ya ga fuskata. Rabona da ganinsa ke nan.

Bayan damina, lokacin da ya saba zuwa, sai ga mota ta tsaya a ƙofa da kujeru a sama. Na fito da sauri ko mayafi ban gyara ba. Ɗan ne ya sauko, dogon mutum mai kama da uban a goshi. Hausarsa 'yar kaɗan ce, muka haɗa da Faransanci da Julanci muka fahimci juna. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce Tanti, tsoho yana gaishe ki. Na ba shi ruwa, na shimfiɗa masa tabarma a inda uban ke zama, sannan muka fara sauke kaya.

Gorar mai kyau ce, ta Baba ce, ba ƙwaron da zai taɓa ta. Aikin ne dai ba shi ba. Na ga kan ƙusa a wurare biyu. Ban ce komai ba, na koyi wannan aƙalla. Da muka zo kan wata kujera mai hannu, sai ya ware ta gefe, ya sosa ƙeya, ya ce akwai saƙo. Ya ce, "Tsoho ya ce in gaya miki wannan ƙafarta ta baya gajera ce, kuma turakun hannun ba su shiga sosai ba. Ya ce kada ki sayar wa mai jiki."

Na ce, "Ya gani, bai sa ka gyara ba?"

Ya ce, "Yana zaune a wurin tun daga farko har na gama. Kullum yana zuwa, ya zauna a gindin mangwaro yana kallo. Wanda ya zauna ba ya gyara wa mai wuƙa aiki, Tanti, sai in an tambaye shi. Ni kuma ban san na yi kuskure ba balle in tambaya. Sai da aka ɗaure kaya a mota ya kira ni gefe ya ce saƙo ne zuwa gare ki, ba zuwa gare ni ba."

Na dafa kujerar, ta yi rawa a ƙarƙashin hannuna. Na tambaye shi jikin tsohon, ko yana ciwo, ko idonsa ya fara rauni, ko hannun ya fara rawa. Allah ya sani, so nake ya ce mini e.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Tanti. Hannunsa ya fi nawa ƙarfi."